Ƙera Ƙananan Jiragen Ruwa na Katako a Kano: Tambayoyi da Amsoshi

Tun ranar da na ajiye wani ƙaramin jirgin ruwa na katako cikin akwatin gilashi a falona, da wuya baƙo ya shigo bai tsaya a kansa ba kafin ya zauna. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne: a ina ka saya, da hannu ka yi, wane katako ne wannan, zai tafi a ruwa? Wasu tambayar wucewa suke yi, wasu kuwa sun dawo da gaske suna so su koya. Saboda waɗannan na biyun na tattara amsoshin nan. Ni ba kafinta ba ne, ma'aikaci ne da ke zama kan tebur bayan sallar isha'i da reza a hannu, yau shekara 11 ke nan.

Mu da ba mu da teku, me ya haɗa mu da jirgin ruwa?

Abin da ya haɗa mu ya girmi ganuwar Kano nesa ba kusa ba. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, sai ya ci karo da wani icce mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da takwarorinsu na Frankfurt ta Jamus suka tono shi gaba ɗaya: kwale-kwale ne mai tsawon mita 8.4, wanda awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka taɓa samu a Afirka, kuma yana Damaturu. Ga Sarkawan Yawuri, ga masuntan Argungu, ga mutanen Tafkin Chadi. A nan gida ma, duk wanda ya je Tiga ko Bagwai ko bakin kogin Wudil ya ga kwale-kwale da idonsa.

Hannun ma muna da shi. Wanda ya taɓa fere kara yana yaro, ya soka sille cikin ɓargo ya haɗa mota har da tayoyinta, ya riga ya san rabin wannan aiki.

To ba wasan yara ba ne?

A'a. A 1920 an buɗe kabarin wani babban bafade mai suna Meketre kusa da Luksor a Masar, aka tarar da ƙananan jiragen katako da suka kai kusan shekara 4,000, da su ne masana suka ƙara fahimtar yadda jiragen kogin Nilu suke. A Ingila, tun ƙarni na 17 ana ƙera wa hukumar sojan ruwa samfurin jiragen yaƙi, galibi a ma'aunin 1:48, wato kowace santimita 1 a samfurin tana wakiltar 48 a jirgin gaske. Fursunonin yaƙi Faransawa da aka tsare a Ingila zamanin Napoleon da ƙashin naman da aka ba su suka riƙa ƙera jirage suna sayarwa, wasu har yau suna gidajen tarihi. Aiki ne na lissafi da ido da haƙuri.

Ba sassaƙa gunki ba ne? Addini bai hana ba?

Na ji daɗin masu yi mini wannan tambaya, don ni ma sai da na yi ta kafin na ci gaba. Jirgi ba shi da rai. Sananne ne cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce wa wani mai sana'ar yin surori in ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Inda ake buƙatar lura shi ne goshin jiragen Turawa na da, don da yawansu suna ɗauke da mutum-mutumi ko surar zaki. Ni ba na sa su. Nakan maye gurbin da ado mai naɗi, kuma ban saɓa wa tarihi ba, tunda akwai jiragen gaske masu yawa da irin wannan goshi suka ɗauka. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya ɗauki hoton jirgin ya nuna wa malaminsa.

Da wane jirgi zan fara?

Kusan kowa da hoton HMS Victory yake zuwa mini, jirgin da aka saka a ruwa a 1765, mai igwa 104, wanda Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya yi yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805, yanzu yana ajiye a Portsmouth. Kyakkyawa ne, ba musu. Amma ƙwararru ma shekaru suke ɗauka a kansa, kuma sabon shiga da ya fara da shi yakan tsaya a rabin ganga, wato gangar jikin jirgin, ya tura shi saman wadrob, shi ke nan an rabu.

Shawarata ba ta canzawa: fara da abin da za ka gama. Sassaƙa kwale-kwalen Dufuna daga dunƙulen katako guda. A ma'aunin 1:20 tsawonsa santimita 42 ne, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba. A nan za ka koyi bin jijiyar katako, da daidaita dama da hagu, da rarake ciki ba tare da ka fasa gefe ba. Nawa na farko mako biyu ya ɗauke ni. Daga nan ka yi kwale-kwalen falankai mai shimfiɗaɗɗen gindi, irin wanda ake fito da shi a kogunanmu. Na uku sai ka shiga mai jigo ɗaya, wato sandar da ake ɗaura filafili a kai, kamar ƙaramin jirgin Larabawa mai filafili kusurwa uku, irin waɗanda har yau ake ƙerawa da hannu a garin Sur na ƙasar Oman. Igiyoyinsa kaɗan ne, amma gangarsa za ta koya maka duk abin da babban jirgi zai nema daga baya.

In sayo haɗaɗɗen kwali daga waje, ko in fara daga katako?

Akwai kamfanonin da ke sayar da kwali mai ɗauke da komai, zane da yankakken katako da zare da ƙarafa: Artesania Latina da OcCre a Sifen, Amati a Italiya, Billing Boats a Denmak, Caldercraft a Ingila, Model Shipways a Amurka. Idan kana da ɗan'uwa mai dawowa daga waje, kwali ɗaya na masu koyo makaranta ce mai kyau. Sai dai kuɗinsa da dala ne ko yuro, ga kuɗin aikowa, kuma in sanda ɗaya ta karye babu inda za ka nemo irinta a kusa. Kada kuma ka ɗauka haɗawa kawai za ka yi. Abin da ke cikin kwalin miƙaƙƙun sillaye ne, kai za ka lanƙwasa su ka fere su.

Ni na fi son farawa daga katako. Zane ana samu a intanet, kuma gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Landan yana da tarin zanen jirage mai yawan gaske. Zanen kirki yana nuna jirgi ta fuska uku: ta gefe, ta sama, da kuma yanka-yankan ganga daga goshi zuwa baya. In babu na ukun nan, hoto ne kawai, ba za ka iya fitar da haƙarƙari daga cikinsa ba.

Mene ne 1:50 da 1:72 da nake gani?

Ma'auni ne. 1:50 na nufin kowace santimita 1 a samfurinka tana wakiltar 50 a jirgin gaske. Jirgi mai mita 30 zai zama santimita 60, mutum mai tsayin mita 1.7 zai zama santimita 3.4. Nakan yanke ɗan kwali mai wannan tsayi in riƙa tsayar da shi kan jirgin: in ƙofa ta ninka shi, ko matakala ta kai masa ƙugu, na san na kauce. Ga mai koyo, tsakanin 1:20 da 1:50 ya fi sauƙi. Idan ka kai zane shagon kwamfuta a buga maka, ka tafi da rularka ka auna a gabansu, don na'urar kan rage girman hoto kaɗan don ya shiga takarda ba wanda ya lura.

Wane katako zan nema, kuma a ina?

Nan ne muka fi masu wannan sha'awa na Turai gata, ko da yake ba mu sani ba. Obeche da suke saye da tsada a shagunansu daga dazukan Afirka ta Yamma yake fitowa. Sapele da ake zubawa a kwalayensu sunan garin Sapele na jihar Delta ya ɗauka. Mu kuwa ga 'Yan Katako na Na'ibawa, ga na Rijiyar Lemo. Ba ma sai ka sayi falanki guda ba, guntayen da kafintan kujeru ke zubarwa sun ishe ka jirgi biyu.

Obeche fari ne, mara nauyi, yana yankuwa kamar sabulu, yana karɓar gam. Shi ne na sassaƙa ganga da shimfiɗar farko, amma ba ya riƙe kaifin gefe, farce ma yana lotsa shi. Malaina ta ɗan fi shi ƙarfi, ba ta cika murɗewa ba in ta bushe. Maɗaci yana da ja mai kyau, sai dai ƙofofin jikinsa manya ne: a kan kujera ba ka ganinsu, amma a jirgi mai 1:50 kowace ƙofa kamar ramin da hannu zai shiga take. Na fi amfani da shi wajen matashin da jirgi zai zauna a kai.

Wanda na fi ƙauna shi ne aduwa, iccen da ake sassaƙa allo da shi. Wani dattijo masassaƙi ne ya nuna mini. Na je da ɗan guntun da ke ta ɓarewa a hannuna na ce, "Baba, wane icce ne zai karɓi huda ƙanƙanuwa bai tsage ba?" Ya juya guntun ya ce, "Ɗana, wannan ai ba ya da nama. Wanda ya jure wanki da rubutu shekara da shekaru shi za ka nema." Ya tsinto mini ɓaraguzan aduwa daga ƙarƙashin gizagonsa. Jikinta a matse yake, rawaya-rawaya, in ka goge ta sai ta yi santsi kamar ƙashi. Da ita nake yin duk ƙananan abubuwa. Jigo kuwa, ka tsaga shi daga katako mai miƙaƙƙiyar jijiya, kada ka yanka da zarto, don abin da ya tsagu a miƙe a miƙe zai zauna. Tsinken tsire na gora yana yin ƙananan sanduna, katakon da likita ke danne harshe da shi, wanda ake samu a kemis, yana yin daɓen jirgi mai kyau in ka tsaga shi siri-siri.

Haƙarƙari da ƙashin baya, filawud mai kaurin milimita 4 zuwa 6 za ka sa, wanda ka ɗora a kan gilashi ka ga ya kwanta ɗam.

Kashedi ɗaya: ƙurar mansoniya da ta iroko suna da illa ga fata da hanci, ta obeche ma tana tayar da asma. Ka sa takunkumi, ka yi guga a tsakar gida.

Me ya sa jirgina ya tsattsage da hunturu?

Wannan ita ce tambayar Kano, kuma littattafan Turawa ba za su amsa maka ita yadda ya kamata ba. Katako yana shan danshin iska yana kumbura, yana fitarwa yana tsukewa, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, a tsawonsa kusan babu. A Agusta iskar garin nan cike take da danshi, a Janairu da Fabrairu kuwa da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Abin da ke fasa mana leɓe da kaushin ƙafa shi ke fasa jirgi.

Jirgina na uku a damina na shimfiɗa masa falankai, da katakon da aka rantse mini ya bushe. Wata uku ina kansa. Wani dare cikin Janairu ina kwance na ji ƙas daga falo, kamar an karya tsinken ashana. Da asuba na haska fitila: layi uku sun buɗe daga tsakiya har goshi, reza tana shiga ta fita, gefen hagu ya janye ƙashin baya har jirgin ya karkace kamar mai waige. Na daɗe zaune a gabansa. Ranar na fahimci cewa katakon da ya taso daga kudu cikin tirela bai san Kano ba tukuna.

Ga abin da nake yi tun daga lokacin. Duk katakon da na saya sai ya yi hunturu guda cur a ɗakina kafin reza ta taɓa shi. Ina shafe bakinsa biyu da narkakken kyandir don kada ya tsage ta nan, in jera shi da 'yan sanduna a tsakani iska tana ratsawa, a inuwa. Ina ɗora guntu a sikeli duk mako in rubuta nauyin a jikinsa da fensir. Ranar da nauyi ya daina sauka, ya bushe. Shimfiɗar falankai kuwa da rani nake yi, lokacin da katako ya gama tsukewa. Da na rufe ganga, in shafe cikinta da gam ɗin kafinta da aka sirka da ruwa kafin in sa daɓe, wajen kuma in rufe da banish, don in gefe ɗaya kaɗai ka rufe, ta ɗayan danshi zai shiga ya lanƙwasa shi.

Waɗanne kayan aiki ne dole?

Kaɗan ne. Wuƙa mai canjin baki ko rezar tiyata da mariƙinta, rular ƙarfe, ƙaramar sukwaya, bakin zarton ƙarfe, ƙananan magagarai, samfefa mai lamba 80 da 120 da 240 da 400, fensir mai tsini. Yawancinsu suna kasuwar Sabon Gari da Ƙofar Ruwa. Hantsaki mai siririn baki da ƙaramar filaya kuwa, wajen masu sayar da kayan gyaran waya a Farm Centre za ka je, nasu ya fi na ko'ina tsini. Maƙalan shanya, robar ɗaure kuɗi da fil ɗin tela su ne masu riƙe maka aiki kafin gam ya kama. Huda mai rabin milimita, in ba ka samu bakin diril ba, ka karya kan allura ka wasa shi a dutse ya yi faɗi, ka soka gindinta a guntun icce ka riƙa murzawa da yatsa.

Kada ka sayi inji tukuna. Ka kai katakonka wajen mai injin yanka ya tsaga maka sirara gwargwadon iyawarsa, sauran ka ƙarasa da samfefa da ka manna a kan gilashi. Abin da ya fi inji amfani shi ne haske: fitila mai caji ta tebur, da tabarau na karatu in shekaru sun fara ja. Reza kuma da ta dushe a canza ta, dusasshiya ce ke zamewa ta sami yatsa.

Wane gam?

Farin gam na kafinta, irin su Top Bond, shi ne na katako da katako. Yana ba ka lokacin gyara, kuma in ka yi kuskure sifirit yana sassauta shi. Ka goge wanda ya tsatso da jiƙaƙƙen tsumma nan take, in ya bushe banish ba ya kama wurin. Sufa gulu na ƙarfe da katako ne, ɗigo a bakin tsinke ya isa. Da danshin iska yake kamawa, shi ya sa yake nawa da hunturu, kuma man goge farce yana narkar da shi. Araldite na wurin da zai ɗauki nauyi ne. Gam ɗin masu takalmi ban yarda da shi a ganga ba, zafin bazara yana sa shi saki.

Yaya ake tayar da ganga?

Tun ran gini ran zane. Ka samo falanki mai kauri wanda ya miƙe, ka ja layi a tsakiyarsa, ka kafa sanduna biyu da za su matse ƙashin bayan jirgin a kan layin. Kowane haƙarƙari ka zura shi ba gam tukuna, ka duba da sukwaya, ka tsuguna ka hango daga goshi kamar mai duba sahu. Sai ka gamsu sannan gam. Karkacewar milimita 1 a nan, ba fentin da zai ɓoye ta.

Sai matakin da kowa ke tsallakewa, alhali shi ne jirgin. Gefen kowane haƙarƙari a miƙe aka yanka shi, amma falanki a karkace zai bi ta kansa, musamman wajen goshi da baya. Dole ka goge gefunan su bi lanƙwasar ganga. Manna samfefa mai lamba 80 a sanda mai tsawon da zai haɗa haƙarƙari uku, ka riƙa gogewa. Ka ɗauki siririn sille ka kwantar: in ya kwanta a kan faɗin kowane haƙarƙari, ba tudu ba rami, ka gama, in a kan kaifi kaɗai ya zauna, saura. Nakan yi kwana huɗu ko biyar a nan. Tsakanin haƙarƙarin farko da goshi ka cusa dunƙulen obeche ka sassaƙa shi, don bakin falankai su sami wurin kwanciya.

Falankaina suna karyewa, wasu kuma suna hawa kan juna a goshi

Matsala biyu ce. Ta farko, an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, namu kuwa mun busar da shi da gangan, don haka sai an lallashe shi da ruwa da zafi. Jiƙa sillen a ruwan zafi kamar minti 20, ka ɗora shi a jikin gwangwani ko kwalba, ka bi shi da dutsen guga a hankali. Zafin ne ke sassauta jijiyar, ruwan kai zafin ciki yake yi. Ka maƙale shi a jikin jirgin ya bushe a wurin, sai gobe ka manna. In ka manna shi a jiƙe, zai tsuke ya bar maka ƙofa.

Ta biyu lissafi ce. Cikin jirgi ya fi goshinsa faɗi, amma yawan falankan ɗaya ne. Yanki siririyar takarda ka auna bayan kowane haƙarƙari daga ƙashin baya zuwa baki. A ce na tsakiya ya ba ka milimita 100, falankinka kuma 5 ne: falankai 20 ke nan. In na kusa da goshi ya ba ka 60, raba da 20, kowane falanki dole ya sirance zuwa milimita 3 a daidai nan. Ka sa alama, ka fere gefe ɗaya kawai. Kada falanki ya sirance ƙasa da rabin faɗinsa, kada kuma ya ƙare da tsini kamar mashi, don a jirgin gaske ba inda za a buga ƙusa a tsini. In wuri ya matse, ka haɗe biyu su koma ɗaya. In ya buɗe a baya, ka cusa ƙarin guntu. Kuma ɗaya dama, ɗaya hagu, kullum. Wanda ya gama gefe guda kafin ya juya, gam zai ja masa ƙashin baya.

Mai koyo ya yi shimfiɗa biyu: ta farko da obeche mai milimita 1.5, a cike ramuka a goge, ta biyu da feniya mai rabin milimita irin ta masu kujeru.

Daɓe da fenti fa?

Kafin ka manna kowane sillen daɓe, goga fensir mai taushi a gefensa, zai fito da baƙin layi kamar kwaltar da ake cike tsakanin falankai da ita. Kada mahaɗar falankai biyu maƙwabta ta faɗo wuri ɗaya. Fenti siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya, kuma ka guji mai ƙyalli, yana mai da katako kamar roba. Da hunturu ka kifa kwali a kan aikin da zarar ka shafa, saboda ƙura.

Igiyoyin nan masu yawa, ta ina ake farawa?

Iri biyu ne. Masu riƙe jigo ba sa motsi, a jirgin gaske kwalta ake shafa musu, don haka baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Masu ɗaga filafilai da juya su launin igiyar rama ne. Farin zare da aka tsoma a ruwan shayi yana ba da wannan launi. Zare kala-kala yana Ƙofar Wambai, ka sayi kauri uku aƙalla, don jirgin da duk igiyoyinsa kauri ɗaya ne ba ya kama ido. Ka ja kowane zare a kan kakin zuma gashinsa ya kwanta, in ba haka ba ƙura ta sami wurin zama.

Fara da masu riƙe jigo, daga ƙasa zuwa sama, daga tsakiya zuwa waje, dama da hagu bi da bi. Matakalar igiya da matuƙa ke hawa, a 1:50 tazarar milimita 7 zuwa 8 ce; ja layuka a kwali ka sa a baya ka bi. Ƙulli ka ɗiga masa farin gam da aka sirka, sufa gulu yana sa zare ya bushe ya karye.

Nan ma yanayi na da magana, amma a juye. Zaren auduga da danshi yake tsukewa, ya saki da rani. In ka ɗaure shi tamau a Janairu, Agusta zai ja jigo ya lanƙwasa. Ko dai ka ɗaura a damina, ko ka yi amfani da zaren roba na tela wanda bai damu da yanayi ba. Mata masu ɗinkin hula, wannan fanni nasu ne. Ƙanwata ta ɗaure mini matakala guda cikin yamma ɗaya, ƙullinta ya fi nawa daidaito.

Ƙananan zobba da ƙugiyoyi, wayar tagulla ta tsohuwar fanka daga wajen masu rewayin ta wadatar. Ka guji darma, a rufaffen akwati takan zama farin gari bayan shekaru.

In sa filafilai?

Kowane yadi ya yi wa ma'auni kauri. In za ka sa, nemi farin yadin auduga mafi shara-shara a Kantin Kwari, ka wanke sitacinsa, ka rina da shayi, ka ja layin ɗinki da fensir maimakon keke. Ni sau da yawa a naɗe nake barinsu, igiyoyi su fito fili.

Zai tafi a ruwa?

Na ado ba don ruwa aka yi shi ba: farin gam yana saki, jiga-jigai kuma sun yi masa nauyi a sama, zai kife. Jirgin gaske ma hakan ta taɓa samunsa. Vasa na ƙasar Suwidin ya nutse a 1628 a tashar Stockholm, bai yi tafiyar kilomita 2 ba a fitarsa ta farko, saboda samansa ya fi ƙasansa nauyi. Sai 1961 aka ciro shi. In na ruwa kake so, tun farko za ka tsara: gam mai jure ruwa, rufi ciki da waje, da ƙarfe a can ƙasan ganga. Gwada shi a baho kafin ka kai shi Tiga.

Yaya zan kare shi daga ƙura da gara?

Akwatin gilashi, ba wata dabara. Masu aikin alminiyam da ke haɗa wa shaguna akwatin nuna kaya za su yi maka. Ka ba su awo da rarar santimita 5 ta kowane gefe. Ka ɗaure jirgin da matashinsa da noti ta ƙasa, tun kafin ka rufe ganga ka tanadi wurin. Kada ya fuskanci taga, kada ya jingina da bangon ƙasa, kuma in ka ga garin katako a ƙarƙashinsa ka fito da shi ranar. Ƙurar da ta riga ta hau, burushin kwalliya mai laushi ke ɗauke ta.

Yarona ɗan shekara 10 yana so ya koya. Ya yi ƙanƙanta?

Bai yi ba, reza ce kawai ba tasa ba tukuna. Kai ka zana masa siffar kwale-kwale a dunƙulen obeche mai tsawon taƙi guda, ka sare masa manyan kusurwoyi, ka rarake cikin, sannan ka miƙa masa samfefa mai lamba 80 da takunkumi. Ka nuna masa yadda ake rufe ido a shafa gefe biyu da yatsa a ji wanda ya fi tudu. Nawa yaron kwana uku ya yi yana gugar nasa a bakin ƙofar kicin. Ran na huɗu ya shafa masa man gyaɗa, ya fere tsinken tsire ya yi masa sandar tuƙi, ya cika bahon wanki da ruwa ya kira ni: "Abba, zo ka ga, bai karkata ba."